Zauren Iyali: Kai Yara Disneyland Paris Ba Tare da Bashi ko Shubuha Ba

 

A wannan fitowa za mu taɓo wani al'amari da a da ba a jin sa sai a gidajen manyan ma'aikata, amma yanzu ya shigo gidajen ƴan kasuwa da na masu ƴan uwa a Turai, wato ɗaukar iyali a lokacin hutu zuwa ɗaya daga cikin manyan filayen wasan yara na ƙasashen waje. Yara sun ga wuraren nan a talabijin da wayar hannu, sun kuwa iya naci. Uba ya yi alkawari don ya samu sarari, ranar cikawa ta zo, sai a tarar an yi lissafin kuɗin jirgi da kuɗin shiga kawai, an manta cewa ciki ba ya zuwa hutu. Abin da ke ƙarar da guzurin matafiyi a irin wannan wuri shi ne ƙananan abubuwan da ake saye sau goma a wuni, kuma mafi yawansu na baka ne.

Mun zaɓi Disneyland Paris ya zama misalinmu domin shi ne wanda jama'armu suka fi ambato, kuma harshen wurin ba baƙo ba ne ga duk wanda ya yi makarantar boko a ƙasashenmu. An buɗe shi ranar 12 ga Afrilu 1992 a yankin Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 gabas da birnin Paris, aka ƙara masa fili na biyu a 2002. Wanda ya nufi Dubai ko Maleshiya zai samu sauƙi ta fuskar halascin nama, amma ka'idojin lissafi da za mu kawo za su yi masa aiki kamar yadda za su yi wa mai zuwa Faransa.

Tambayar da ake yi kafin a nemi fasfo

Faranta wa yara rai abu ne mai kyau, tafiya kuma mabuɗin ilimi ce. Sai dai akwai haƙƙoƙin da suka riga ta. Wanda ake bin sa bashi, ko bai biya kuɗin makarantar shekara mai zuwa ba, ko bai fitar da zakkarsa ba, ko yana da halin sauke farali bai sauke ba, to ya san inda kuɗinsa ya kamata su fara zuwa. Wanda kuma zai ci bashin banki mai ruwa don yara su hau lilo kwana uku, ya sayi farin cikin mako guda da damuwar shekara biyu, ban da zunubin riba. Aya ta 67 ta Suratul Furƙan ta yabi bayin Allah da tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro wajen ciyarwa, kuma wannan ma'auni shi za mu riƙe a duk abin da ke tafe.

Idan an tsallake wannan tambaya lafiya, sai a ɗauko takarda da alƙalami. Tun daga 1999 darajar sefa a ɗaure take da yuro: yuro 1 daidai yake da kusan sefa 656, ko sefar yammacin Afirka ce ko ta tsakiya. Wannan ya sauƙaƙa mana lissafi, domin farashin canji ba ya hawa da sauka kamar na wasu ƙasashe. Dabarar da muke ba da shawara ita ce, duk farashin da aka gani a juya shi zuwa sefa kafin a miƙa hannu. Yuro 5 ba ya tsorata kowa a kan allo, amma idan aka ce sefa 3,280 ne kuɗin alawa guda, mai gida zai sake tunani.

Don lissafi ya fito fili, bari mu ɗauki iyali mai mutum shida: uba da uwa, da yara huɗu masu shekara 14 da 10 da 7 da 4. Da su za mu riƙa auna komai.

Biza da abin da ke biye da ita

Tun daga watan Yunin 2024, kuɗin bizar gajeren zama ta ƙasashen Schengen yuro 90 ne ga babba, yuro 45 ga yaro daga shekara 6 zuwa ƙasa da 12, kyauta ga wanda bai kai 6 ba. Iyalin namu za su biya yuro 360 ke nan, kimanin sefa 236,000, domin ɗan shekara 14 babba ne a wannan lissafi. Ban da wannan akwai ladan kamfanin da ke karɓar takardu a inda ake bi ta hannunsa, da inshorar lafiya ta tafiya wadda dole ta ɗauki nauyin aƙalla yuro 30,000. A sani cewa idan aka hana biza ba a mayar da kuɗinta. Saboda haka kada a sayi tikitin jirgi ko na otel irin wanda ba a mayarwa sai biza ta fito. Ƴan uwanmu na Nijar kuma su tuna cewa an rufe ofishin jakadancin Faransa da ke Yamai a watan Janairun 2024, don haka tambayar inda za a ajiye takardu ita ce ta farko a wurinsu, kuma kuɗin wannan zirga-zirga shi ma ya shiga takarda.

Hukumomin Faransa suna so baƙo ya nuna yana da abin da zai riƙe kansa: yuro 65 a kowace rana ga wanda ya kama otel, yuro 120 ga wanda bai kama ba, yuro 32.50 ga wanda zai sauka gidan ɗan uwa da takardar masauki ta *attestation d'accueil*, wadda mai masaukin ke karɓowa a ofishin magajin garinsu. Waɗannan alƙaluma na shiga ƙasa ne kawai, ba su san da kuɗin filin wasa ba. Wanda kuma ya riƙe tsabar kuɗi da suka kai yuro 10,000, wato sama da sefa miliyan 6.5, wajibi ne ya bayyana su ga ma'aikatan duwan. Ya fi kyau a canza kuɗi tun a gida, a kuma tambayi banki abin da yake cira a duk lokacin da aka biya da kati a waje.

Zaɓen lokaci

Farashin tikitin shiga ba ɗaya ba ne duk shekara, yana bin yawan jama'a. Yuli da Agusta, hutun ƙarshen Oktoba, makonnin Kirsimeti da sabuwar shekara, da hutun makarantun Faransa na Fabrairu da Afrilu, su ne lokutan tsada da dogon layi. Ranakun Talata zuwa Alhamis a wajen waɗannan hutu sun fi sauƙi. Sai dai arha tana da nata haraji. Janairu da Fabrairu sanyi ne na gaske, wanda hunturunmu bai kama ƙafarsa ba, kuma rigunan sanyi da takalma na mutum shida kuɗi ne masu kauri idan ba aro aka samu wurin ƴan uwa ba. Haka kuma a duba kalandar Musulunci: a 2025 azumi ya faɗo a watan Maris, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11, don haka na shekarun da ke biye yana faɗawa cikin Fabrairu da Janairu. Matafiyi yana da rangwamen shan ruwa, amma bai dace a zaɓi watan Alƙur'ani don yawon lilo ba. Wanda hutun makarantar yaransa ya tilasta masa zuwa da damina, to ya nemi sauƙi ta wajen masauki da abinci.

Masauki mai madafa

Otel-otel ɗin Disney suna haɗa kwana da tikitin shiga, suna kuma ba baƙinsu damar shiga fili kafin sauran jama'a. Wannan gata ne mai tsada. Ga kuma wata matsala da ta shafi iyalanmu musamman: yawancin ɗakunan otel a Faransa ba sa ɗaukar fiye da mutum huɗu, kuma ba a yarda a shimfiɗa wa yara tabarma a ƙasa a ce an daidaita. Mutum shida ɗaki biyu ke nan, ko kuwa gidan haya na kwanaki mai madafa da firji, irin wanda suke kira *appart'hôtel*. Shi muke ba da shawara, domin madafar nan ita ce ginshiƙin duk tattalin da za mu bayyana.

Jirgin ƙasa na RER A shi ke kai mutum har ƙofar fili, a tasharsa ta ƙarshe mai suna Marne-la-Vallée–Chessy, tafiyar kimanin minti 40 daga tsakiyar Paris. Tashoshin da ke gabaninta su ne Val d'Europe, Bussy-Saint-Georges da Torcy, kuma a kewayensu ake samun masauki mai dama-dama. A Val d'Europe akwai babbar kasuwar zamani mai kantin Auchan, a Bussy-Saint-Georges kuma akwai masallaci. A lura da allon tasha kafin a shiga, domin layin ya rabu biyu ta gabas, wasu jiragen kuma a Torcy suke tsayawa. A 2025 aka mayar da tikitin jirgin ƙasa na yankin Paris farashi guda, yuro 2.50 a wannan shekarar, ban da hanyar filayen jirgin sama da ke da nata farashi. Yaro ƙasa da shekara 4 kyauta ne, daga 4 zuwa ƙasa da 10 rabin kuɗi. A wannan farashi iyalinmu za su je su dawo a kan yuro 25, kimanin sefa 16,400. A tambayi harajin kwana na *taxe de séjour* tun wajen kama ɗaki, domin sau da yawa ba ya cikin farashin da aka nuna, kuma yara ƙasa da shekara 18 ba sa biyan sa.

Tikiti da layi

Yaro ƙasa da shekara 3 yana shiga kyauta, daga 3 zuwa 11 farashin yara, daga 12 farashin manya. A sayi tikiti mai kwanan wata tun daga gida, ta shafin intanet na kamfanin ko ta hannun sanannen ofishin tafiye-tafiye. Duk wanda ya tare ku a tasha da tikitin arha, ku yi masa sallama ku wuce.

Kafin a yanke yawan kwanaki, a auna tsawon yara a jikin bango. Jiragen wasa masu gudu suna da ƙa'idar tsawo: Big Thunder Mountain mita 1.02, Crush's Coaster mita 1.07, Hyperspace Mountain mita 1.20, na Indiana Jones mita 1.40, kuma masu tsaron ƙofa ba sa jin magiya. Idan yawancin yaran ƙanana ne, fili ɗaya a wuni ɗaya ko biyu ya wadatar, babu dalilin sayen tikitin fili biyu na kwana huɗu. Sauran kwanakin a kai su gidan tarihi na Louvre, inda duk wanda bai kai shekara 18 ba ke shiga kyauta, ko Babban Masallacin Paris da aka buɗe a 1926, ko lambunan birni da ba a biyan ko sisi.

A da akwai takardar tsallake layi ta kyauta, amma a 2021 aka maye gurbinta da Premier Access, wadda ake biya a kan kowane mutum. A ninka ta shida a gani. Maganinta na kyauta shi ne sammako: a isa ƙofa kafin a buɗe, a fara da abin da ya fi jan jama'a, a riƙa duba tsawon layi a manhajar wayar kamfanin. Iyaye masu jariri su tambayi tsarin musayar iyaye, inda ɗaya zai hau ɗaya ya riƙe yaro, sa'an nan su canza ba tare da sake bin layi ba. Faretin rana da wasan wuta na dare suna cikin kuɗin shiga, kuma sau da yawa su ne abin da yara ƙanana suka fi tunawa.

Guzuri daga gida: abin da ke wucewa da wanda ba ya wucewa

Yanzu mun iso ga cibiyar magana. Bahaushe ba ya tafiya babu guzuri, kuma abin da zai fara zuwa zuciyar uwargida shi ne kilishi da dambun nama. To a ajiye su. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi daga ƙasashenmu shigo da nama da madara da duk abin da aka yi da su a cikin kayansa, busasshe ne ko soyayye. Kilishi, dambun nama, cuku da man shanu duk sun shiga ciki, kuma wanda aka kama za a ƙwace, ana iya ci masa tara. An yi rangwame ga madarar jarirai ta gari da abincinsu da ke cikin kwalinsu na asali, muddin ba su wuce kilo 2 ba. Ɗanyun ƴaƴan itace da ganyaye suna buƙatar takardar lafiyar tsirrai, amma an keɓe guda biyar da ke wucewa ba takarda, kuma dabino yana cikinsu tare da ayaba da abarba da kwakwa. Saboda haka a cika jaka da dabino. Garin rogo da ƙuli-ƙuli da dakakken yaji su ma abokan tafiya ne da ba sa lalacewa, kuma kwaɗon gari ya sha fitar da matafiyi kunya a daren da aka dawo a gajiye.

Cefanen ranar farko

Bari mu auna abin da ake gudu. A ce abincin mutum ɗaya a wurin sayar da abincin gaggawa cikin fili ya kama yuro 15. Mutum shida yuro 90, kimanin sefa 59,000 a zama ɗaya. Sau biyu a wuni har kwana uku, yuro 540, sama da sefa 354,000, kuma ba a sha ruwa ba tukuna. A ce gorar ruwa yuro 4 ce, kowa ya sha biyu a wuni, an tashi da yuro 48, kusan sefa 31,500 a kan ruwa kaɗai.

Saboda haka ranar da aka sauka, kafin yara su ga ko ƙofar fili, a je kanti a yi cefanen kwanaki: shinkafa, taliya, ƙwai, kifin gwangwani, mai, albasa, tumatir, madara, shayi, ayaba da tuffa. A tuna cewa kantuna da yawa suna rufewa da yammacin Lahadi. Burodi kuwa a saye shi sabo kowace safiya. Mai son naman da hankalinsa zai kwanta da shi ya nemi mahautan Musulmi, suna da yawa a garuruwan kewayen Paris. Wanda ya shiga birni kuma, unguwar Château-Rouge da ke kan layi na 4 na jirgin ƙarƙashin ƙasa tana da kayan miyar Afirka har da kuɓewa da manja.

Tsarin wuni sai ya zama kashi uku. Da safe a ci a ƙoshi a masauki, ƙwai da burodi da shayi mai kauri, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma yaron da ya shiga fili da yunwa duk abin da ya gani sai ya nuna. Da rana a ci abin da aka ƙunso. Da dare a dawo a dafa mai zafi, ko a tarar da wanda aka dafa tun jiya a firji. Kuma kada a bar wa uwargida wannan aiki ita kaɗai, ita ma hutu ta zo. Uba da manyan yara su karɓi wanke-wanke da haɗa burodin safe.

Dokar wurin ta yarda a shiga da ɗan abin taɓawa da ruwa a jakar baya. Abin da ta hana shi ne babban akwatin sanyaya abinci, da kwalaben gilashi, da wuƙa, da shimfiɗa walima irin ta taro. Ana binciken jaka a ƙofa, don haka a yanka komai tun a masauki, a naɗe na kowa daban. Akwai wurin da aka tanada don cin guzuri a waje, tsakanin wurin ajiye motoci da ƙofar shiga, kuma mai tikiti yana iya fita ya dawo a wunin. Ruwan famfo a yankin Paris mai kyau ne, akwai kuma famfunan sha kyauta a cikin fili. Kowane yaro ya riƙe gorarsa ta roba ana cika masa.

Idan za a ci a ciki

Ba mu ce a hana yara komai ba. Yaron da ya wuni yana kallon ƴaƴan wasu suna lasar askirim shi yana tauna dabino, zai dawo gida da wani abu a zuciya. A ware abu ɗaya a wuni wanda kowa zai zaɓa, a kuma ware zama ɗaya a duk tafiyar da za a ci a gidan abinci. A je kafin ƙarfe 12 ko bayan 2 na rana, lokacin da layi ya ragu. Gidajen abinci na zama suna cika da wuri, ana kama wuri ta manhaja tun makonni kafin zuwa. A gidan abinci na zama a Faransa, tulun ruwan famfo kyauta ne ga mai cin abinci, sai dai a ce *une carafe d'eau*, in ba haka ba a kawo na kwalba a rubuta. Ladan masu hidima kuma yana cikin farashi, ƙari ganin dama ne.

A yi hattara da abincin ɗebi-da-kanka da tsarin abincin da ake sayarwa haɗe da ɗakin otel. An yi farashinsu ne don mai cin komai. Musulmin da zai tsallake rabin teburin ya tsaya kan kifi da ganye da shinkafa, ya biya kuɗin sa ne ya ci rabon akuya.

Game da halasci, abu uku ne abin lura. Na farko alade, wanda ba kullum yake zuwa da sunansa na *porc* ba. *Jambon*, *lardons*, *bacon*, *saucisson*, *chorizo* da *saindoux* duk shi ne. *Croque-monsieur* da *quiche lorraine* da taliyar *carbonara* da shi ake yin su. Alawoyi masu danƙo da yara ke so, da yawansu da *gélatine* ta alade ake haɗa su, sai a karanta bayan leda. Na biyu giya. Tun 1993 ake sayar da ita a gidajen abincin filin, tana kuma shiga girkin Faransawa: miyar da aka ce *au vin*, da kayan zaƙi irin *baba au rhum*, wani lokaci har ƙullun da ake soya kifi da shi. Na uku naman sa da kaza da rago. Aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ma'abota Littafi, amma malamai sun saɓa a kan naman mayankar zamani, inda ake sumar da dabba kuma ba a san wanda ya yanka ba. Wannan zaure ba na fatawa ba ne. Mai gida ya tambayi malaminsa tun yana gida, ya tafi da matsaya guda, kada a tsaya gaban mai sayarwa ana muhawara yara suna kuka.

Kada suna ko ado su ruɗe mu. Gidan abinci mai fitilun Larabawa da kuskus bai zama na halal don adonsa ba, haka kamfanin da reshensa na Dubai ke sayar da halal ba lalle reshensa na Paris ya zama haka ba. A tambaya kai tsaye, a nemi ganin shaida. A Faransa manyan masallatan Paris da Évry da Lyon ne hukuma ta amince su ba mahauta izinin yankan Musulunci, akwai kuma ƙungiyoyin sa ido irin su AVS da ake ganin tambarinsu a kan nama. Doka ta wajabta wa gidajen abinci bayyana abubuwa 14 masu tayar da borin jini, irin su gyaɗa da ƙwai da madara, wanda ke da amfani ga mai yaro mai wannan lalura, sai dai alade ba ya cikin jerin, don haka takardar ba ta isa hujja ba. Inda aka rasa tabbas, abincin da aka rubuta wa *végétarien* da soyayyen dankali da fizar cuku da tumatir sun isa su riƙe ciki har a koma masauki.

Salla ma tana shiga tsarin wuni. A mazhabar Malikiyya, wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ya daina ƙasaru. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a Paris sai wajen ƙarfe 10 na dare, a Disamba kuwa wajen 5 na yamma, don haka a riƙe jadawalin garin. A sa ƴar darduma mai sauƙi a jaka, a tambayi ofishin baƙi na City Hall da ke kusa da ƙofa inda za a samu wuri mai natsuwa.

Tsaraba

Masu filin sun san aikinsu: titin shiga kantuna ne dama da hagu, kuma jiragen wasa da yawa ta cikin kanti suke fitar da mutum. Maganin wannan shi ne ambulan. Kowane yaro a ba shi nasa da adadin da aka yanke tun a gida, a gaya masa idan ya ƙare ya ƙare, a kuma bar saye sai wunin ƙarshe, lokacin da ya ga komai ya san abin da yake so da gaske. Da haka ya koyi tattali, uba kuma ya huta da cewa a'a sau ɗari. Rigar ruwa da keken jariri a zo da su daga waje, domin a ciki saye da haya ne masu tsada.

Tsarabar mutanen gida kuwa, gwaggo da kawu da maƙwabta, a rubuta sunayensu a yanke adadi, a saya a kantunan gari. Wanda ba mazaunin Turai ba, idan sayayyarsa a kanti ɗaya ta haura yuro 100, yana iya neman takardar *détaxe*, ya tabbatar da ita a na'urar duwan a filin jirgi kafin ya ba da kaya, a mayar masa da wani kaso na haraji.

A ƙarshe, bayan an tara dukan lissafi, a ɗora kashi 10 cikin 100 a ajiye gefe saboda abin da ba a zata ba: yaro ya yi zazzaɓi, jirgi ya wuce, jaka ta ɓata. Idan jimillar ta fi ƙarfin aljihu, a rage kwanaki, ko a ɗaga tafiyar zuwa baɗi a ci gaba da tari, a kuma zaunar da yara a nuna musu takardar su ga dalili. Daidai ruwa daidai tsaki. Wanda ya dawo ya tarar da buhun hatsinsa da kuɗin makarantar yaransa suna nan, babu mai ƙwanƙwasa masa ƙofa da asuba, shi ne ya yi hutu.

Allah Ya sa albarka a cikin abin da muke samu, Ya ciyar da mu da iyalanmu halal, Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya.